Likita Ta Ce da Sauƙi

Dokta Rifkatu ta juyo da takardar ta fuskanci Malam Tanko, ta ɗora bakin biro a kan wasu haruffa da lambobi. Tanko ya gyara zaman tabarau, ya gyaɗa kai. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da 'yan firamare a Gusau, kuma babban abin da aikin ya bar masa shi ne iya gyaɗa kai a gaban abin da bai fahimta ba.

"Malam, ka gane?"

"Turancin na gane, likita. Ma'anar ce ta rage."

Yayansa Dogo, mai ciwon, yana waje a kan benci. An bar shi can da sunan za a rubuto masa magani.

"Ciwon dajin hanta ne, wannan ka riga ka sani," in ji ta. "Abin da ya dawo yau gwajin 'yar tsokar nan ne da muka ciro. Jiki yana da garkuwa, masu tsaron da ke tare duk wani baƙon abu. To, wani dajin yakan fitar da sinadarin da ke sa masu tsaron su ɗaga masa hannu ya wuce."

"Kamar motar manya a shingen hanya."

"Kamar haka. Na yayanka ya fitar da shi da yawa. In aka haɗa da girman ƙarin da sauran gwaje-gwajen, masu irin wannan ba su cika wuce wata uku ko huɗu ba. Ƙiyasi ne, rai na Allah ne. Amma in yana da abin da yake son gyarawa, yanzu ne. In kira shi in gaya masa?"

"A'a, likita! Mu za mu gaya masa. A gida, da dabara."

Ta dube shi ta saman takardar. "Kowa haka yake ce mini, Malam."

Da ya fito, Dogo ya ɗago idanunsa da suka koma ruwan ɗorawa.

"Mi tac ce?"

Tun daga ƙofar ofis Tanko yake shirya maganar, har da ayar da zai fara da ita. Amma da ya buɗe baki, wata ce daban ta fito.

"Ta ce da sauƙi."

* * *

A ƙauyensu, Rawayya, mahaifiyarsu Iya ce ta yanke hukunci. Ta haura tamanin, idanu sun tafi, amma har yau ba a sayar da ko akuya a gidan sai da saninta. Tanko ya durƙusa a ɗakinta ya zayyana mata komai, har da motar manya.

"To, kai Allah ne?" ta tambaye shi. "Ko ita likitar ta leƙo littafin ajali?"

"Iya, ƙiyasi ne..."

"Ba a hwaɗa ma mai rai ya mutu. Haka munka iske. In ka gaya mai, zuciyatai ta karye, kai ka kashe min ɗa, ba ciwo ba."

Tanko ya ce to. Ya fito yana girgiza kai kamar wanda aka danne, alhali a ransa wani sanyi ya ji. Ba abin da ya kai a hana matsoraci abin da dama yake tsoro.

Kafin sati ya zagayo, duk unguwar ta sani in ban da mutum ɗaya. Mata su tsaya bayan rumbu su yi kukansu, su wanke fuska, su shiga su ce, "Kai, Malam Dogo, jiki ya yi kyau!" Maza su dubi cikin da ya kumbura da ruwa, su ce ai ƙiba ce ta fara dawowa. Wani ya kawo saiwa, wani ya kawo garin da ya saya wurin mai lasifika a kasuwa, wanda ke maganin shawara da basir da ciwon baya a cokali ɗaya. Dogo ya sha duka, ya yi godiya.

* * *

Ranar wata Asabar Tanko ya zo daga gidansa na Damba, can Gusau, ya sami Dogo a gindin darbejiya, an jingina shi da matashin kai, yana kallon gero ya fara fitar da kai.

"Maimuna nike tunani," in ji Dogo.

Tanko ya juyo ya dube shi. Shekara takwas ba a ambaci sunan nan a gaban Dogo ba. Maimuna ita ce 'yarsa ta fari, tana aure a Tsafe. Ranar da mahaifiyarta ta rasu, ta ce masa a gaban masu gaisuwa shi ya ƙi kai ta asibiti da wuri. Shi kuma ya ce ba shi ba ita, duniya da lahira. Tun daga ranar ba wanda ya taka ƙofar wani.

"Yarinyar ta yi gaskiya," Dogo ya ci gaba. "Gaskiyar ce ta yi min zahi. Ina son in je in ce mata na janye maganata. Kada ta zauna da bakin uba bisa kai."

"Sai mu je gobe! Zan samo mota."

"Da wanga ciki? In shiga gidan suruki a tallabe, a ce na zo neman tausayi? A'a. Bari in warke, a yanke gero, in tahi da ƙahwahuna da buhu guda a bayan mota."

"To, in aika mata ta zo?"

"In ka aika, ban yahe ba. Ni nib ɓata, ni za ni gyara." Ya juyo da kyar ya dubi ƙanensa. "Tanko, kai ka yi boko. Takardar nan da ke aljihunka, tsakaninka da Allah, mi ta ƙumsa? In lokaci ya ƙure, hwaɗa min, in tahi Tsahe ko a kan gadon kara."

Tanko ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ya tuna yadda yake tsawata wa yara 'yan shekara bakwai a kan ƙarya, da bulala a hannu. Daga cikin gida ya jiyo tarin Iya.

"Ta ce ka rage gishiri," in ji shi.

Dogo ya yi dariya har ciki ya murɗa masa. "Shi ke nan? To, gishiri ai ba ubana ba ne."

Abin takaicin, ba ƙarya Tanko ya yi ba. Likitar ta faɗi hakan, a can ƙarshen magana.

* * *

An yanke gero, an ɗaure dammuna. A makon ne Dogo ya fara kiran Tanko da sunan mahaifinsu, yana tambaya ko an shayar da shanun da aka sayar tun shekara ashirin. Tanko ya buga wa Dokta Rifkatu waya.

"Hanta ta daina tace jini, dattin ya hau kai," in ji ta. "Kun dai gaya masa?"

"Muna kan shiri, likita."

Ya kashe wayar kafin ta amsa.

Washegari da safe ya hau motar Tsafe. Maimuna ta saurare shi a tsakar gidanta, hannunta duk kumfar wanki.

"Baba Tanko, tun yaushe kuka sani?"

"Wata uku."

"Shi fa?"

Ya dubi ƙasa. Ta ɗauraye hannu, ta ɗauki mayafi. Suka hau mota, suka wuce Gusau, suka kama hanyar Bunguɗu zuwa Rawayya.

Sun iske Dogo a kwance, idanu a buɗe, fuska a sake kamar wanda ya huta. Maimuna ta durƙusa a bakin gado ta kama hannunsa.

"Baba, ni ce."

Ya dube ta da fara'ar da ake yi wa baƙo. "Maraba, baiwar Allah. Daga ina?"

"Daga Tsafe, Baba."

"Tsahe!" Fuskarsa ta washe. "Ina da ɗiya can. Maimuna. Kin san ta?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunsa.

"Kada ki gaya mata kin gan ni haka. Akwai maganar da zan kai mata da bakina, ba ta aike ba ce." Ya lumshe ido. "Sauƙi ya samu. Kwana kaɗan ya rage."

Iya, daga bakin ƙofa, ta ce, "Da yardar Allah." Matan da ke tsaye a bayanta suka amsa da amin.

Maimuna ta ɗago kai ta dubi Tanko. Leɓɓansa sun riga sun motsa tare da na kowa.