Koren Ƙwaro a Lambun Njuwa

Shekara biyu bayan Kaltume ta gudo daga Madagali ta zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, ta samu aiki a lambun Malam Philemon, tsohon malamin makaranta da ya koma noman alayyafo da tumatir a gefen tafkin Njuwa. Aikinta ban ruwa da juya taki.

Wata safiya tana juya tulin taki sai ga gwazarma, tsutsotsi farare masu kauri kamar babban yatsa. Ta fara kwasa tana watsa wa kaji.

"Rage mini kaɗan, Kaltume," in ji Malam Philemon. "Su ke cinye ruɓaɓɓen ganyen nan su mayar da shi ƙasa mai kyau. Ajiye ɗaya a fili ki gani."

Ta ajiye. Tsutsar ta juya rigingine, ƙafafu sama, ta kama tafiya da bayanta. Kaltume ta yi dariya har sai da ta dafa fatanya.

Malam ya tona gefen tulin ya ciro wani dunƙulen ƙasa kamar ƙwan kurciya. Ya ce in tsutsar ta ƙoshi, ita ke gina wannan ɗaki, ta shige ta rufe, daga baya ta fito da fukafukai.

"Malam, wannan ƙazamar?"

"Tafi da shi gida. Kada dai ki bari ya bushe."

Ta sa shi a gwangwani da ɗan taki, ta rufe da tsumma, kullum sai ta yayyafa ruwa. Maƙwabciyarta Sabuwa ta ce zaman sansani ya sa Kaltume kiwon ƙasa. Sati uku shiru. A na huɗu, washegarin ruwan farko, ta ɗaga tsumman ta tarar dunƙulen ya fashe. Ga ƙwaro a kai, kore shar, yana sheƙi kamar sabon kwanon sha. In ta karkata gwangwanin sai gefensa ya koma ruwan zinariya. Sabuwa ta leƙa, sannan ta kira sauran mata.

Kaltume ta kai shi lambu. Malam Philemon ya ɗora shi a kan fasasshen mangwaro. Ƙwaron ya cusa kai ya sha ya ƙoshi, sannan ya zaro siraran fukafukai ta gefe, bayansa mai sheƙi a rufe, ya tashi da ƙugi ya nufi furannin kabewa.

"Akwai irinsa a Madagali?" ta tambaya.

"Duk inda ake tara taki akwai shi."

"Shekara ashirin ina share garken marigayi mijina," ta ce, "ban taɓa tsayawa na duba ba."

Da za ta tashi aiki ta roƙi bokitin taki guda. Akwai ɗan fili a bayan ɗakinta, ta ce, tana so ta gwada shuka yakuwa.