Gwangwanin Auta

"Ya isa haka, ya isa!" Yaya ta ce, tana ƙwanƙwasa gilashin motar da zobenta.

Mai zuba man ya saki famfon, ya leƙo ta taga. "Hajiya, wannan ai ko maƙogwaronta bai jiƙa ba."

Ta biya shi ba ta ko dube shi ba. Da ta tada motar, allurar mai ta ɗan ɗago daga ja, ta tsaya cak kamar an daka mata tsawa. Baƙar jif ce mai fulogi takwas, wadda maigidanta ya saya mata shekarar da aka yi mata ƙarin girma a ofis. A wancan lokacin, da gudu masu gadi ke buɗe mata ƙofa. Amma tun da fetur ya sake tashi, a rumfa motar take kwana take wuni cikin tamfol, su biyun su fita aiki a motar ma'aikata. Makon jiya maigidan ya kai ta wurin dillalai ko za a samu musaya. Dillalin ya nuna masa irinta a jere har bakin katanga, ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ƙanana ake yayi. Ƙaramar mota ko gama wanke ta ba ma yi, an zo an ɗauke." Ya dawo da ita gida ya mayar da tamfol.

Yau Alhamis, ranar da ake kai Mama asibiti gashin gwiwa. Tun farkon ciwon aikin Yaya ne, ita ce babba, ita ta nemo likitan. Da mai ya tashi, Mama da kanta ta kira ta ce, "Ki huta haka nan, Auta ta riƙa kai ni, tata ba ta shan komai." Da farko Yaya har sanyi ta ji a ranta. Sai hirar Mama ta fara sauyawa. Duk kiran da ta yi, abin da za ta ji shi ne Auta ta biya da ita kasuwa, Auta ta kai ta gaisuwa, ita da Auta sun yi dariya har da hawaye. Jiya ta kira da yamma, Mama ta ce, "Bari in kira ki anjima, muna hanya." Har gari ya waye ba ta kira ba. Shi ya sa da safen nan Yaya ta nemi izini a ofis, ta yaye tamfol da hannunta.

Tana karya kwanar gidan Mama ta hango ta: 'yar ƙaramar mota koriya, ƙofa ɗaya ta sha bamban da sauran a fenti. Motar Yaya ce ta farko. Ita ta sa mata suna Gwangwani, kuma ranar da jif ta iso, a gaban 'yan'uwa ta wurga wa ƙanwarta makullin ta ce, "Ungo, kya riƙa kai wa mutane ɗinkinsu." Kowa ya yi dariya har da Autar. Yanzu ga Gwangwani an wanke ta tana ƙyalli, ƙofar gaba a buɗe, an shimfiɗa matashi a kujera.

"Lah, Yaya! Yau giwa ta fito?" Auta ta ce daga bakin ƙofa, jakar Mama a kafaɗarta. "Wa ya ci gado?"

"Na zo kai Mama asibiti."

Mama ta fito tana dogara sandarta. Ta dubi jif, ta dubi Gwangwani, ta gyara mayafi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma gwiwar nan ba ta son hawan bene."

"Mama, tun yaushe kike hawa, ba ki taɓa cewa komai ba."

"To ki bar aikinki ki zo, in ce miki motarki ta yi tsawo? Ai da kunya." Ta kama ƙofar Gwangwani ta juya, ta zauna cikin sauƙi kamar a kujerar ɗakinta. "Ajiye taki a nan ki shigo baya mu tafi tare. Me za a yi da ƙona mai biyu?"

Yaya ta leƙa bayan. Ledojin yadi ne da kwalin zare.

"Ku wuce, ina bayanku," ta ce.

Daga kujerar jif mutum yana ganin komai, abin da ya sa ta ƙaunaci motar ke nan tun farko. Yau ta cikin gilashin bayan Gwangwani take kallon kawuna biyu. Motar ƙarama ce, kafaɗarsu tana gogar juna. Auta na magana tana yarfa hannu, kan Mama yana rawa don dariya. A wurin danja Mama ta ɓare wani abu ta sa wa Auta a baki. Yaya ta tuna nata zuwan: Mama a baya, can kusurwa, hannu a kan cinya, ita kuma tana amsa wayar ofis. A matsayin girmamawa ta ɗauke shi, sa uwa a kujerar baya. Ta kashe na'urar sanyaya mota saboda mai, gumi ya fara tsatstsafo mata a wuya. Wani mai babur ya matso kusa da tagarta ya ce, "Hajiya, ku ne ƙasar!" Ta ɗaga gilashi.

A asibiti Gwangwani ta kutsa wani ɗan lungu tsakanin bishiya da motar ɗaukar marasa lafiya, daf da ƙofa. Ita kuwa mai gadi ya yi ta nuna mata gaba da sandarsa, har can ƙarshen fili wajen janareta. Kafin ta tako a ƙasa da dogayen takalmanta, an riga an shigar da Mama.

A ɗakin gashi wata sabuwar nas ce, ba wadda Yaya ta sani ba. Tana ɗaura wa Mama abin ɗumi a gwiwa tana tsokanar Auta.

"'Yar Mama, rigata fa? Ko sai na kai ƙararki wurin tsohuwa?"

"Ran Asabar, wallahi. Hannu kawai ya rage."

Nas ɗin ta juyo ta ga Yaya a tsaye. "Baiwar Allah, mutum ɗaya ake bari da mara lafiya. Masu dubiya a waje suke jira."

"Babbar 'yata ce," in ji Mama. "Ma'aikaciya ce, ba ta samun lokaci."

"Ayya, sannu. Ai ban san da wata ba."

Yaya ta fita ta zauna a benci. Ta cikin labule tana jin Mama tana ba nas labarin yadda Auta ta iya tuƙi, yadda take kashe mota in layi ya tsaya, yadda take ɗaukar maƙwabta uku kowa ya kawo abin da ya samu, mai kaɗan ya kai su mako. "Yarinyar nan akwai dabara," Mama ta ce. Yaya ta buɗe wayarta ta rufe. Ita ta koya wa Auta tuƙin, a filin makaranta, a cikin wannan motar. Ita ta biya kuɗin gashin nan na shekara gaba ɗaya. Ta jira ko Mama za ta ambaci haka. Sai ta ji an koma zancen rigar nas.

Da suka fito, wani mutum mai farar rigar ɗakin magani yana zagaya Gwangwani, yana latsa taya da ƙafarsa. Da alama sun saba.

"Malama tela, kin yi shawara kuwa? Na ƙara a kan tayin da na yi wancan makon. Na zaga dillalai, irin wannan ta ɓace ƙat."

"Ga babba can wajen janareta," Auta ta ce tana dariya, "ta yayata ce, a yi maka sauƙi."

Mutumin ya hanga, ya kama baki. "Rufa mini asiri! In saya in ciyar da ita ko in ciyar da 'ya'yana?"

Mama ta yi dariya har tana riƙe sanda da hannu biyu. Wannan dariyar ce Yaya ta kasa jurewa.

"Ka yi haƙuri, malam," Auta ta ce. "Tawa ba ta sayarwa ba ce. Motar Mama ce."

"Ba ta sayarwa ba ce," Yaya ta ce, "don ba taki ba ce."

Mutumin ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ce ana jiransa a ciki, ya wuce.

"Yaya, wasa kike?"

"Na yi miki kama da mai wasa? Aro na ba ki. Takardun har yau sunana ne a kai. Yanzu ina da bukata."

"A gaban kowa kika ce kin ba ni."

"Na ce ki riƙa kai ɗinki. Ban ce ki mai da ni baƙuwa a wurin uwata ba."

Ba ta yi niyyar faɗin na ƙarshen ba. Ta ji shi ya fita, ta ga fuskar Auta ta canja, ta ga Mama ta daina dariya. Tana iya cewa wasa ne, har yanzu da sauran dama. Sai idonta ya faɗa kan matashin nan da ke kujerar gaba, ya lotsa daidai zaman Mama, ta fasa.

Auta ba ta yi gardama ba. Ta ciro tarin makullanta, ta yi ta fama da zoben har farcenta ya karye, ta zare na motar ta ɗora a kan bonet. Ta buɗe baya ta kwashe ledojin yadi da kwalin zare, ta ɗauko matashin ta danna a hammata.

"Giya ta biyu tana ɗan ƙi da safe," ta ce. "Sai kin taka kuloc sosai."

"Na san motata."

"To."

Yaya ta ɗauki makullin. Da ɗumin hannun Auta a jikinsa. Ta buɗe ƙofar gaba ta riƙe.

"Mama, shigo in kai ki gida. Ga ta, ba hawa."

Mama ta daɗe tana kallonta. Babu faɗa a fuskarta, irin kallon da take yi mata ne tana ƙarama in ta ƙwace wa Auta abin wasa.

"Ita kuma ta tafi da ƙafa da wannan kayan?"

"Ta shiga baya mana."

"Ba zan shiga ba," Auta ta ce.

"To kin ji." Mama ta juya ta kama hannun Auta. "Tsaida mana tasi, 'yar nan. Ƙarama, mai saukin shiga."

"Mama!"

"Ki je ki huta, kin sha rana. Ki gaida maigidan."

Suka nufi bakin titi a hankali, Auta da kaya a hannu ɗaya, Mama a ɗayan. Tasi ta farko a cike take, ta biyu ta tsaya. Yaya tana kallo Auta ta shimfiɗa matashin, ta tallafi ƙafar Mama ta shigar, ta zagaya ta zauna kusa da ita. Babu wadda ta waiwayo. Tasin ta shiga cikin motoci, ta ɓace a bayan wata bas.

Yaya ta tsaya a wurin, makulli a kowane hannu. Rana ta take, motocin filin sun fara raguwa. Ta fito da waya za ta kira maigidanta, ta tuna ba ta gaya masa ta fito da jif ba, ta mayar da ita jaka. Ta nemo lambar Auta, ta daɗe tana kallonta.

Mai gadi ya ƙaraso yana jan sandarsa a ƙasa.

"Hajiya, za a sauke wa janareta mai, a matsar da waccan babbar. Wannan ma ta tare wa motar asibiti hanya. Wacce ce taki a ciki?"

"Duka biyun," ta ce.

"Masha Allah," in ji mai gadi. Ya dubi hagu da dama. "To ina ɗaya direban?"