Wutsiyar Dinozor

Alu tela ne a Lamorde, kuma abu ɗaya yake tsoro a duniya: kada a ce yana rage yadin mutane. Tun da wata mata ta taɓa jefa masa wannan magana a bakin shago, ko ƙyalle ya saura sai ya ƙunsa wa mai kaya.

Ran nan Madam Zalika, mai koyarwa a lakwal ɗin unguwa, ta zo da koren yadi. Bikin ƙarshen shekara za a yi, tana son rigar dinozor wadda Sumana maigadi zai sa ya tsorata yara. Ta nuna masa hoto a waya: wani dodo mai cin nama na zamanin da, irin waɗanda ake tono ƙasusuwansu can wajen Agadas. Ba shi ne babbansu ba, in ji ta, amma ga haƙora, ga doguwar wutsiya, ga ƴan hannuwa guntaye.

"Madam, wannan hannun fa?"

"Haka Allah ya yi shi, Malam Alu. Yadda ka gani, haka za ka yi."

Ya ce to, amma to ɗin na baki ne. Shi Alu ya fitar da riga mai hannun jariri, duk Lamorde na kallo? Ai kafin la'asar an ce ya sace rabin yadin. Ya zauna ya zuba wa dodo hannu har gwiwa, ya naɗe bakin, har da maɓalli. Da ya zo kan wutsiya, yadi ya ce ga garinku nan. Abin da ya saura bai wuce tafin hannu ba. Ya ɗinke shi haka, ya cusa auduga.

Ranar biki Alu ya kafa sabuwar hula, ya zauna sahun gaba. Sumana ya fito yana ruri, hannuwa na reto, yara na ihu. Sai ya juya baya. Wuri ya yi tsit, sannan dariya ta ɓarke. Wutsiyar akuya ma ta fi ta dodon nan tsawo. Madam Zalika ta dafe kai.

Wata tsohuwa da ke zaune kusa da Alu ta taɓo shi.

"Ɗana, ka ga halin teloli ko? Ko dodo ba su bari ba. Wutsiyar nan yanzu haka tana kan matarsa, ta zama kallabi."

Alu ya ja sabuwar hularsa ta rufe goshi.

"Wane ne ma telan?" ta tambaya.

"Ban san shi ba, Inna."