Ranar da Na Koma Tsawon Alli

Jiya da dare wani mafarki na yi, bayan na kwanta da niyyar ba zan ƙara taka makarantarmu ba. Dalili kuwa, Hedimasta ya kira ni ragon malami a wajen asambali, a gaban 'yan ajina, sauran malamai kowa ya sunkuya yana kallon takalminsa.

A mafarkin ma asambali ake yi. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana zuba sama, don haka kowa ya taka lemarsa. Hedimasta bunsuru ne, da babbar riga da tabarau, yana tauna igiyar tuta. Ban yi mamaki ba, muryar dai tasa ce. Dokar garin ita ce duk malamin da aka daka wa tsawa sai ya rage tsawo. Ya ce na makara, alhali ni na buɗe get, sai na dawo daidai ƙugun yara. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce rashin kunya nake masa. Kafin ya rufe baki ina tsaye a gindin takalmin Malama Kande mai lissafi, tsawona bai wuce na alli ba.

Sai ga ni a ofis, cikin kwalin alli. Ashe duk allin nan malamai ne. Na gane Malam Barau da ya bar aiki bara, ya ƙare saura ɗan guntu. Ya ce in kwantar da hankalina, rubutu da mutum ba shi da zafi sosai, gogewar ce mai ciwo. Wallahi raina ya ɓaci. Ni da na iya da aji cike maƙil, ba benci ba fanka, in ƙare a kwali?

Na dira ƙasa na nufi aji huɗu. Wani ƙadangare ɗan acaba ya rage mini hanya. Abu ɗaya nake tsoro: in shiga yarana su ƙi tashi su gaishe ni.

Na shiga, ba wanda ya tashi. Sai monita Hajjo ta buga tebur, ajin duka suka kwanta rub da ciki, haɓa a ƙasa, daidai fuskata.

"Ina kwana, Malam."

Hajjo ta ce ai in sun miƙe ba za su gan ni ba. Na ji hawaye ya zo mini, na kuma ga tsawona ya ƙaru ya kai gwiwa.

Bunsuru ya leƙo ta taga yana jan numfashi. Sai Malama Kande ta shigo ta tsaya kusa da ni, ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, in ya yi laifi a kira shi ofis. Ban da gaban yara."

Tsawar ta sauka a kanta, ta koma tsawon tebur, amma ba ta gusa ba. Malam Sambo mai Larabci ya shigo ya tsaya, tsawa ta gaba ta rabu biyu. Malamai suka yi ta shigowa, har ya zama in an raba tsawar, abin da kowa ke samu bai isa ya rage masa ko farce ba. Bunsuru ya dube mu, ya ce an tashi hutun tara, ya tafi cin allon sanarwa.

Mu kuwa muka yi ta ƙara tsawo, ana ta buga ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa.

Ashe hon ne. Malam Sambo ne a kan babur a ƙofar gidana, mutumin da bai taɓa biyo mini ba. Na leƙa ta taga, ido duk barci.

"Malam Jibo, sa rigarka. Malama Kande ta kira kowa. Yau tare za mu shiga ofishinsa."

Garin sauri na buga goshi a saman ƙofa, kamar kullum. Ban taɓa jin daɗin ƙulu irin na yau ba.