Numfashin Ila a Kunnen Balki

A gidan Malam Mato, a wani ƙauye da ke yamma da Gangara, Juma'a ce ranar jin muryar Ila. Ila shi ne ɗan farin Balki, matar gidan. Ya daɗe a Jado, can arewa mai nisa, wurin aikin zinariya, kuma sai ranar Juma'a in an tashi aiki yake hawa wani tsauni inda ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, ya turo saƙon murya a salular ubansa. A can saman yake zama yana jiran amsa har rana ta faɗi, sannan ya sauka. Daga nan kuma sai wata Juma'ar.

Salular Malam Mato ta taɓa faɗawa ƙwaryar fura. Tun daga ranar, duk wanda ya yi magana a cikinta sai ya fito kamar ƙudan zuma ya shiga gwangwani. Haka nan ake lallaɓawa da ita. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, Malam Mato ya ɗaga salular sama, kowa ya kasa kunne. Ila ya gai da ubansa, ya gai da baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya kan kakarsa Dado, wadda ta yi goyonsa tun daga yaye. Yana kiranta amarya, yana cewa kada ta kuskura ta kula wani tsoho kafin ya dawo. Dado ta yi tsaki ta ce mijin da ya bar mace babu cefane ai ba miji ba ne. A yi dariya.

Balki ba ta zama. Da an shimfiɗa tabarmar take miƙewa ta nufi turmi, ko da kuwa babu abin daka sai ta samo. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In dole ta kama, sai ta ce mijin Iya, don Iya take ce wa surukarta. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, kuma babu wanda ya taɓa ganin laifin haka. Shi ma Ila ya san iyakarsa. In ya gama lissafa mutane sai ya ce, da sauran mutanen gida. Wannan ɗan guntun shi ne rabon Balki, kuma ta koyi tsayar da taɓarya a sama daidai lokacin da zai faɗe shi.

Ana cikin bazara ƙanwar Ila, Zuhaira, ta zo gida wankan jegon haihuwarta ta fari. Mijinta ya haɗo ta da salula da kuma ekutar, wato 'yar igiyar nan mai kai biyu da ake cusawa a kunne, don ta riƙa jin saƙonsa ba tare da iyayenta sun ji abin da yake faɗa ba. Da labarin haihuwar ya kai wa Ila, sai ya fara turo mata nata saƙon daban.

Wata safiya bayan an gama wanka, Balki ta shiga ɗaki da kunun kanwa. Zuhaira ta ce ta matso ta ji yadda abin nan yake, ba ta kuma faɗi ko muryar wa ce ba. Ta ɗaga gefen hijabin uwar ta sa mata kai ɗaya a dama ɗaya a hagu. Abin bai kai nauyin ɗan kunne ba. Bakinsa roba ce mai laushi, ya zauna daram kamar da ma don kunnenta aka yi shi. Kukan awaki da ƙarar guga a rijiya duk suka ja baya.

Sai ga Ila a tsakiyar kanta.

Balki ta so ta cire, sai ta ci gaba da saurare. Ba ta taɓa jin muryarsa kusa haka ba tun yana jariri. Ta ji iska tana kaɗa rigarsa. Ta ji wani inji can nesa, da wani mutum yana kankare tukunya. Ta ji yana yi wa Zuhaira barka yana tsokanarta, wai ita da ba ta iya riƙe ɗan akuya ba ga shi an ba ta mutum. Sai kuma ta ji wani abu da ba magana ba. Duk inda ya tsaya ya ja numfashi, akwai wata siririyar ƙara, kamar iska tana bi ta tsagin ƙyaure. A wuri biyu maganar ta yanke ta ci gaba da wata murya mai danshi, alamar ya tsayar da ɗaukar ya yi tari sannan ya dawo.

Ta san wannan ƙarar. Yayanta Idrisa da ita ya dawo daga wurin niƙan dutse. Ya yi damina ɗaya a zaune a ƙofar ɗaki yana fito da ƙirji, kafin a yi girbi aka kai shi makwanci.

Ta cire ekutar ta tambayi Zuhaira ko ta ji wani abu. Zuhaira ta ce ta ji ya yi mata alkawarin turmin atamfa. Balki ta ce ba wannan ba, numfashin. Yarinyar ta mayar ta saurara, ta ce ai tsauni ya hau, dole ya yi haki. Balki ta nufi gado. Ta ɗauki jaririn ta hau jijjiga shi, alhali ba kuka yake ba.

Da ta kai wa Malam Mato abincin rana ta durƙusa gefe ta ce damina ta kusa, gonar tudu kuma ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ko za a ce waɗanda suka yi nisa su dawo. Ya ce ai abin da waɗanda suka yi nisa ke aikowa shi ne ke riƙe da rumbu, a bar su su yi abin da ya kai su. Ya dube ta yana murmushi, irin na wanda ya gano mace tana kewar ɗanta. Kunya ta kama ta, ta kwashe kwanoni ta bar wurin.

Kashegari ta sake dabara. Ta sa Zuhaira ta ba uban nata ekutar ɗin, wai ya ji yadda yake fitar da murya. Malam Mato ya jujjuya shi ya ce wannan ai kamar a cusa wa mutum kaska a kunne ne. Na hagu ya yi ta faɗowa, sai ya danne na dama da yatsa. Can fuskarsa ta washe. Ya ce wallahi kamar yaron yana gabansa, ashe tasa salular zaluntarsu take yi. Ya ce abu ɗan mitsitsi haka da wannan aiki, ran kasuwar Gangara sai ya nemi irinsa. Balki tana bayan danga tana jira ya yi shiru, ya ce a mayar masa baya. Bai ce ba. Ya ji duk abin da Ila ya faɗa, bai ji abin da ke tsakanin maganganun ba.

Ta gwada Dado ma. Tana tsefe mata kai ta ce ta ji mata suna faɗi a rijiya wai ƙurar dutsen can tana cin ƙirji. Dado ta ce mijinta ƙarfe ne, da nonon raƙuma ta yaye shi, mata su ji da nasu 'ya'yan.

Daga nan sai ya zama kullum bayan wanka, in Zuhaira ta yi barci, Balki ta ɗauki salular, ta zura igiyar ta ƙarƙashin hijabi, ta zauna bakin gado kamar mai gadin jariri. Zuhaira ta nuna mata inda ake dannawa. Abin ba ya ciwo a kunne ko an daɗe da shi, har takan manta yana nan. Saƙon Juma'ar da ta biyo baya ya fi na farko gajarta, ƙarar kuma ta ƙaru. Ta ji shi ya fara dariya ya katse ta a tsakiya. Tana zaune da wannan a kanta, tana dama fura, tana ɗebo ruwa, tana amsa gaisuwar mutane da lafiya lau.

Juma'ar da ta zo bayan wannan suka yi baƙo, Malam Audi, abokin Malam Mato daga Falanko. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi, Balki ta tafi turminta. Ila ya gai da kowa, ya tsokani amaryarsa, ya ce da sauran mutanen gida. Sannan ya ce gobe da asuba za su tashi zuwa wani sabon rami can cikin sahara, inda babu rezo, kada a damu in an ji shi shiru, sai bayan Babbar Salla in Allah ya kai mu. Malam Mato ya danna ya sa masa albarka, ya ce ya kula da salla, ya ajiye salular.

Balki ta tsaya da taɓarya a hannu. Ta san yana can saman tsauni yanzu haka, zai zauna har rana ta faɗi. Tsakaninta da tabarmar babu nisa. Amma ga baƙo. Uwa ta taso gaban baƙon namiji da surukarta ta yi maganar ɗan fari, wannan labari sai ya riga Malam Audi isa Falanko. Ta ce a ranta bari ya sha shayin farko ya tashi. Ya sha na farko. Aka mayar da buta kan gawayi. Ya shiga labarin tsadar dusa da wata saniya da ta mutu masa. Inuwar aduwa ta miƙe har ta taɓa danga. Balki ta leƙa ɗaki don ta sa Zuhaira ta yi masa magana ta tata salular, ta tarar an kai ta caji wurin mai farantin hasken rana, kuma yaron shagon ya rufe ya tafi ƙwallo. Ta dawo ta tsaya bakin turmi. Sau biyu ta ɗaga ƙafa. Aka zuba shayi na uku, aka kira magariba, mazan suka kakkaɓe riguna suka tafi masallaci.

Da Malam Mato ya dawo shi kaɗai, ya tarar da ita tsaye a tsakar gida, Dado na kan tabarma tana jan carbi.

"Malam, Ila ba shi da lafiya."

Carbin Dado ya tsaya. Malam Mato ya waiga kamar yana neman wadda ta yi maganar.

"Wa kika ce?"

"Ila. Ciwon Yaya Idrisa ne a ƙirjinsa. Na ji da kunnena. Ka ce masa ya dawo."

"Tun yaushe kika ji?"

Ta sunkuyar da kai. Bai sake tambaya ba. Ya sa aka karɓo ekutar, ya cusa a tasa salular, ya danne kunnuwa biyu da yatsu. Balki ta ce kada ya bi maganar, ya jira inda zai tsaya. Ya saurara, ya mayar baya, ya sake saurara. Sai ta ga ya zauna a ƙasa ba tare da ya nemi tabarma ba.

Ya danna ya yi magana da muryar da ba ta san shi da ita ba. Ya ce Ila, ubanka ne, kada ka bi motar gobe, ka nemi ta Agadas ka taho gida, umarni ne. Saƙon ya tafi, alama ɗaya ta fito a gefensa. Zuhaira ta fito da jariri a kafaɗa ta duba ta ce sai ta zama biyu ya shiga. Malam Mato ya fita da salular ya hau jigawar bayan makaranta inda rezo ya fi ƙarfi. Ya kira lambar, wata mata ta amsa da Faransanci ta ce ba a samunsa. Ya kira wani ɗan garinsu da ke Jado, shi ma haka.

Da safe alamar tana nan ɗaya. Aka aika wa direbobin da ke bin hanyar, suka ce ramuka a can sun fi a ƙirga, kowace tawaga kuma ɓoye nata take yi, amma za su tambaya.

Balki ta karɓi salular Zuhaira ta shiga ɗaki. A jikin igiyar akwai wani ɗan ƙulli mai huda, nan ake magana. Ta kai shi bakinta ta danna. Ta ce Ila, ni ce. Ta tsaya. Ta ce ka dawo. Ba ta san me ake ƙarawa ba, don ba ta taɓa yi ba, sai ta sake kiran sunan ta saki. Shi ma alama ɗaya.

Da Zuhaira ta gama wankan jego za a mayar da ita ɗakinta, ta naɗe ekutar ɗin ta sa a tafin uwar. Ta ce in mijinta ya tambaya za ta ce akuya ta tauna. Balki ta miƙa mata jaririn, ta ce ta riƙa kiran yaron da sunansa ko da a ɗaki ne. Zuhaira ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce kai Inna.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Ranar Juma'a bayan la'asar Malam Mato ya shimfiɗa tabarma a gindin aduwa kamar kullum, ya ajiye salular a gabansa. Dado ta zo ta zauna, ba ta tsokani kowa ba. Turmi na kife a jikin danga. Balki ta fito ta zauna a bakin tabarmar. Da aka daɗe salular ba ta yi motsi ba, sai ta miƙa hannu, Malam Mato ya tura mata. Ta zura igiyar ta ƙarƙashin hijabi, ta nemo saƙon ƙarshe ta danna. Ya gai da ubansa, ya gai da baffanninsa, ya tsokani amarya. Ya tsaya zai ja numfashi, ita ma ta riƙe nata, tana jira ya ce da sauran mutanen gida.