Ƙafafuna a Hannun Mai Gadi

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma ko gama shiga cikinsa ban yi ba magena Zabbi ta fara shure-shure a kujerar gaba ta motata. Ƙayar kifi ce ta maƙale mata a maƙogwaro. Na taka totur. Ruwan sama na tsattsafowa daga kwalta yana hawa sama, mutane sun juya lemarsu sun tsaya a ciki.

Harabar asibitin dabbobi cike take maƙil, sai wuri ɗaya dab da ƙofa, mai shuɗin fenti da zanen keken guragu. Na cusa motata ja a ciki ba wata-wata.

Mai gadi, wani bunsuru cikin kaki, ya leƙo ta taga yana tauna igiyar usur ɗinsa.

"Alhaji, gurgu ne kai?"

"Mara lafiya na ɗauko. Dubi idonta!"

"Ita ke tuƙin?"

"Ni ne."

"To ba komai. Kawo ƙafafun."

Dokar garin ke nan. Duk mai ƙafa da ya tsaya a wurin sai ya tuɓe su ya ba da ajiya, kamar takalmi a ƙofar masallaci. Na zare su na miƙa masa, ya jera su a kan kantar ɗakin gadi. Ban damu ba, na san ina da gaskiya. Maganar rai ake yi.

Na ɗora Zabbi a wuya na kama jan gindi. Ƙofar da na gani kusa ta tashi ta matsa gaba. Matakala ta haifi wata matakala. Numfashin Zabbi ya koma ƙasa-ƙasa.

Sai ga wata dattijuwa tana murza keken hannu, gumi na tashi daga goshinta zuwa gajimare. Tun daga bakin titi ta taho, can ta bar motarta, tunda na cinye mata wuri. A cinyarta akwai aku lulluɓe da zani yana tari.

"Kai ne mai jar motar nan?"

"Ni ne, Inna. Ai magen ce..."

"Ba ita na tambaya ba. Miƙo ta. Da ka sauke ta a ƙofa ka yi gaba, da yanzu tana lasar madara."

Ta ɗora ta gefen akun. Matakalar ta kwanta mata, ta shige. Jim kaɗan Zabbi ta fito garau tana sakace da ƙayar, ta wuce ni ko kallo babu.

Na ja jiki na koma wajen bunsuru. Kantar da ya jera ƙafafuna wayam.

"Ina ƙafafuna?"

"Mai wurin ta ara. Ta ce ka riƙe wurin duka, tunda kana so."

Can na hango Inna tsakiyar titi tana tsallen igiya da su, har da takalmina na Juma'a.

Na buɗe baki zan ƙwala ihu, sai bugun ƙyaure ya tashe ni. Na laluba, ƙafafuna na nan, Zabbi na minshari a kansu. Daga waje wata murya da ban taɓa ji ba tana cewa, "Salamu alaikum! Wai ina mai jar motar da ta tare mana hanyar keken guragu?"