Kube a Solo, Wuƙa a Yogya

Wuƙar marigayi Mbah Rekso ta bar garin Solo zuwa garin Yogya ranar Alhamis da hantsi, naɗe cikin farin ƙyalle, ba kube ba ƙota. Wanda ya fi kowa son ta zauna shi ne ya kore ta da bakinsa: Prawoto, babban ɗalibin mamacin.

A gidan mamacin abin ya faru, a unguwar Baluwarti, cikin watan Suro, lokacin da ake fito da keris, wato wuƙaƙen gado, a wanke. Mbah Rekso ya yi suna wajen gane asalin keris. Yakan juya ƙarfe a hannu ya ce wannan ƙirar Tuban ce, wannan ta Madura. Ɗalibai biyu ya bari: Prawoto ɗan Solo, wanda ya yi furfura a gidan, da Gunarso mutumin Yogya, wanda ya zo daga baya. Keris ɗaya ce tsohon bai taɓa faɗin asalinta ba, tasa ta kansa. Duk watan Suro Gunarso yake miƙa wa ya wanke ta. Prawoto aikinsa matse lemun tsamin da ake wankin da shi.

Ran nan abokan sana'a sun cika zaure, ana shan shayi. Bu Rekso, matar mamacin, ta faɗi wasiyyar a taƙaice.

"Cewa ya yi a mayar da ita inda aka haife ta. In ƙirar Solo ce, ta Prawoto ce. In ta tsohuwar Mataram ce, can wajen Yogya, Gunarso ya tafi da ita. Ku kuka san ƙarfe, ni ban sani ba."

An riga an jiƙa wuƙar a ruwan kwakwa, tsatsa ta fita, an bushe ta an mayar kube. Ba a kai ga shafa mata warangan ba, maganin da ke baƙanta ƙarfe zanen cikinsa ya fito. Gunarso ya ɗauke ta da hannu biyu, ya zare, ya ɗaga ta daidai goshi kamar yadda ake yi, sannan ya mayar.

"Ai ba sai an ja zance ba," in ji shi. "Kube sassaƙar Solo, ƙota ta Solo. Taka ce, Mas." Mas yake ce wa Prawoto, wato yaya.

Wani dattijo daga gefe ya kaɗa kai. "Kai, Gunarso akwai girma. Halin Mbah sak."

Prawoto ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ashe ko wuƙar ta zo hannunsa, a matsayin kyautar Gunarso za ta zo. Gobe a kasuwa cewa za a yi ɗan Yogya ya yi kara ya bar masa. Ya ajiye kofinsa, ya dubi Gunarso.

"Dik Gun, ƙanena, haka ake koya muku a Yogya? Ku dubi riga ku faɗi garin mutum? To in na yanke wannan ƙulun na 'yan Yogya da ke bayan hularka, ka zama ɗan Solo ke nan?"

Zaure ya ɗauki dariya, har da Gunarso. Daɗin dariyar ya ratsa Prawoto. Ya karɓi wuƙar ya zare, ya auna ta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa ta da farce kusa da kunne.

"Ƙirar Solo kauri gare ta, da nauyi. Wannan fa? Siririya, sakayau, ƙarfen a bushe." Ya sa aka miƙo masa tsinken tsintsiya, ya zura cikin kuben, ya fito da shi ya gwada da tsawon wuƙar. Tsinken ya fi ta da kusan gaɓar yatsa. "Kun gani? Ba don ita aka sassaƙa kuben nan ba. Aron gida take yi."

Abin da bai faɗa ba shi ne, ruwan tsami yana cin ƙarfe. Keris ɗin da aka gada ana wankewa tun kakanni takan rame, tsininta ya gajarce, ko a ina aka ƙera ta. Ya san haka, Gunarso ma ya sani.

"Mas, a bari a shafa warangan mana, zane ya fito mu gani," in ji Gunarso a hankali.

"Ni ba na jiran zane. Kai da ka yi ta wanke ta shekara da shekaru ba ka gane ta ba, kai za ka jira."

Bu Rekso ta dubi Prawoto.

"Nak Woto, ɗana, ka tabbata?"

Da ya ce a'a, da an jira, wataƙila wuƙar ta zauna. Amma da ya zama maganar Gunarso aka bi. Prawoto ya dubi hannuwan Gunarso da ke kan gwiwa, hannuwan da tsohon ya amince wa.

"Ta Mataram ce, Bu."

"To shi ke nan. Kuben da ƙotar fa?"

"Na Solo ne."

"Su ma sai su zauna a garinsu."

Gunarso ya ɗumama ƙotar a kan garwashi har ta saki, ya murɗa ya cire, ya miƙa wa Prawoto tare da kuben. Ya naɗe wuƙar, ya durƙusa ya yi wa Bu Rekso sallama. A bakin ƙofa ya ce, "In ka zo Yogya ka biyo, Mas." Prawoto ya ce aiki ya yi masa yawa.

Kuben yana rataye a ɗakin Prawoto. Labari ya zo cewa Gunarso ya shafa wa wuƙar warangan, zane ya fito, ya nuna wa masana biyu. Ɗaya ya ce Mataram, ɗaya ya ce Solo. Prawoto bai je ya gani ba. Gunarso kuwa har yau bai sa an sassaƙa mata sabon kube ba.